Ƙaramin Kare Ruwa Biyu a Gidan Bature: Asalinsa, Halinsa da Haƙƙinsa

Duk wanda Allah ya kai shi ƙasar Ingila, ya zauna a cikinta ko da na 'yan watanni ne, ya kuma saba fita da sassafe kafin hayaniyar motoci ta tashi, lalle ba zai rasa ganin wani abu da ke maimaituwa a kowace unguwa ba, wato tsoho ko tsohuwa cikin rigar sanyi, da igiya a hannu, a ƙarshen igiyar kuwa ga wani ɗan taliki wanda tsayinsa bai kai gwiwar mutum ba, gashi buzu-buzu, kunnuwa a karye, yana jan mai shi gaba da iyakar ƙarfinsa. Idan ka tambayi mai shi wane iri ne, galibi ba zai ba ka suna ɗaya ba. Sai ya ce uwarsa Jack Russell ce, ubansa kuwa ana kyautata zaton ɗan Yokshaya ne, ko ya ce daga gidan karnukan da aka yasar ya karɓo shi, su ma can ɗin zato suka yi. Wannan shi ne ƙaramin kare ruwa biyu daga dangin da Turawa ke kira teriya, kuma a cikin karnuka fiye da miliyan goma da ke zaune a gidajen Birtaniya, shi da 'yan'uwansa suna da kaso mai yawa. Dalilin da ya sa na ga ya cancanci a yi bahasi a kansa shi ne, mafi yawan masu ɗaukarsa don ɗebe kewa ƙanƙantarsa ce take ruɗinsu, suna zaton sun samo abin ado da zai kwanta musu a cinya, alhali kuwa ma'aikaci suka kawo gida, wanda aka shafe shekaru fiye da ɗari biyu ana tace jininsa saboda aiki mai tsanani.

Aikin nan kuwa shi ne yaƙi da ɓarna. Manomin Ingila da na Sikotlan na wancan zamani yana da abokan gaba biyu da suka hana shi sakat, ɓera a rumbun hatsi da yanyawar Turai, wadda ta fi tamu girma da ja, mai ɗauke kaji da 'yan raguna ta shige rami ko kogon dutse inda babban kare ba zai iya binta ba. Saboda haka kowane yanki ya ƙirƙiro ɗan karensa gwargwadon yanayin ƙasarsa: mutanen kan iyakar Ingila da Sikotlan suka fitar da mai 'yar doguwar ƙafa wanda zai iya bin doki yini guda, mutanen tsaunukan Sikotlan da tsibirin Skye suka fitar da gajere mai kaurin gashi wanda ke kutsawa tsakanin duwatsu, masaƙan Yokshaya kuwa, a ƙarni na 19, suka fitar da ɗan mitsitsin nan mai gashi kamar siliki wanda a yau ake ɗaura wa ƙyalle a ka, alhali asalinsa ɓerayen masana'antun auduga da ulu yake kashewa. Har abin ya kai ga caca, domin a Landan an riƙa zuba ɓeraye a wani rami da aka kewaye da katako, ana sakin kare a kansu ana duba agogo, kuma tarihi ya kiyaye sunan wani kare Billy wanda a 1823 ya kashe ɓera 100 cikin minti biyar da rabi. Wasa ne na rashin tausayi wanda daga baya aka bar shi, amma yana nuna irin zuciyar da aka riƙa zaɓa ana haɗawa.

Wanda sunansa ya fi shahara a fagen kiwon teriya wani limamin coci ne, John Russell, wanda aka haifa a 1795 ya rasu a 1883, ya kuma yi mafi yawan aikinsa a ƙauyen Swimbridge da ke lardin Debon. A 1819, yana ɗalibi a Oksfod, ya ga wata 'yar karya fara mai ɗigon ja a fuska a hannun wani mai sayar da madara, ya saye ta, daga gare ta kuma ya fara zuriyar da har yau take amsa sunansa. Abubuwan da ya nema a jikin karnukansa su ne mabuɗin fahimtar halin jikokinsu. Ya so su zama farare don kada maharbi ya ɗauke su yanyawa. Ya so ƙirjinsu ya zama siriri don su shige rami. Ya kuma so idan sun tarar da dabbar a ƙarƙashin ƙasa su tsaya a gabanta suna haushi ba ƙaƙƙautawa har ta gaji ta fito fili. Haushin nan da maƙwabta ke kai ƙara a kansa yau, da gangan aka dasa shi.

Bahaushe ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kare makiyayi an tarbiyyantar da kakanninsa su riƙa duban fuskar ubangidansu suna jiran umarni, shi ya sa biyayya take zo masa da sauƙi. Teriya kuwa, da zarar ya nutse a rami, babu mai ganinsa balle ya umarce shi, shi kaɗai ne cikin duhu gaba da gaba da dabbar da wani lokaci ta fi shi nauyi, don haka wanda ya rayu ya hayayyafa daga cikinsu shi ne mai yanke shawarar kansa, mai taurin rai, wanda ciwo ba ya sa shi ja da baya. To, idan aka ɗauko mai wannan fiɗira aka ajiye shi a bene hawa na uku, mai gida ya fita tun safe sai magariba, me ake tsammani? Zai tone tukunyar furanni tun da babu rami, zai yage matashin kujera tun da babu ɓera, zai yi wa ɗan aiken gidan waya haushi, zai fizge igiya ya bi kurege ko kyanwa har tsakiyar titi, zai kuma tsaya wa karen da ya ninka shi biyar ba tare da ya auna ba. Mai shi ya ce karen nan fitinanne ne. A ganina wannan hukunci zalunci ne, domin dabbar ba ta yi komai ba face abin da aka gina ta a kansa, laifin kuwa na wanda ya ɗauki ma'aikaci ya hana shi aiki ne.

Sai kuma mas'alar zamansa ruwa biyu, wadda mutane suka yi saɓani a kanta ƙwarai. Kafin a kafa ƙungiyar rajistar karnuka ta Kennel Club a 1873, manomi ba ya tambayar nasabar kare. Wanda ya iya aiki shi ake haɗawa da wadda ta iya aiki, ko da kamanninsu sun bambanta. Rajista ce ta zo ta rufe kowane iri a cikin danginsa, aka riƙa aurar da makusanta domin a tabbatar da siffa, cututtukan gado kuma suka taru a wasu zuriyoyi. Abin lura ne cewa shi kansa Russell, ko da yake yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, bai yarda ya kai nasa karnukan gasar nuna kyau ba, kuma sai a 2016 ƙungiyar ta karɓi Jack Russell a littafinta. Saboda haka gaurayen jini a wannan dangi tsohon abu ne. Sabon abu shi ne haɗin da 'yan kasuwa ke yi da gangan, su ɗauki rabin sunan uwa da rabin sunan uba su liƙa, su sa wa ɗan kwikwiyon kuɗi mai tsada, su ce wa mai saye zai sami alherin ɓangarorin biyu. Gado ba ya tafiya bisa alkawarin ɗan kasuwa. 'Yan ciki ɗaya sukan fito wani ya ɗauko uwa wani ya ɗauko uba, kuma mai yiwuwa ne a haɗa Jack Russell da karen nan mai dakakkiyar fuska da ake kira Pug, da nufin a sami mai sanyin hali, sai a sami wanda ya gaji zafin naman teriya tare da ƙuntataccen hancin Pug, yana son gudu numfashi yana gagararsa.

Maganar da ake yawan yi cewa ruwa biyu ya fi lafiya tana da gaskiya a cikinta, amma da iyaka. Akwai cututtukan da ba sa bayyana sai ɗa ya gaji ƙwayar halittar cutar daga uwa da uba gaba ɗaya, irin waɗannan kuwa gauraya tana rage su, muddin iyayen biyu ba su yi tarayya a ƙwayar ba. Amma ƙananan karnuka da yawa sun yi tarayya a illoli guda: gocewar ƙoƙon gwiwa, wadda ke sa ka ga kare yana tafiya ya ɗage ƙafar baya taku biyu ko uku sa'an nan ya sauke, ruɓewar haƙori da dasashi, saboda haƙora sun cushe a ƙaramin baki, gocewar madubin ƙwayar ido, wadda ta shahara a dangin teriya, da raunin maƙogwaro a jinin Yokshaya, abin da ya sa likitocin dabbobi ke ba da shawarar a ɗaura igiya a ƙirji maimakon wuya. Haɗa iri biyu masu illa ɗaya ba ya kawar da ita.

Abin da ya tabbata game da su shi ne tsawon rai. Wani bincike da masanan Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan suka wallafa a 2022, bisa bayanan karnuka fiye da dubu talatin da suka mutu a Birtaniya, ya nuna Jack Russell ne a kan gaba da kimanin shekara 12.7, na Yokshaya yana biye da shi da 12.5, alhali karen Faransa mai dakakkiyar fuska bai wuce shekara huɗu da rabi ba a lissafin. Da yawa kuma sukan kai sha biyar ko su haura. Wannan albishir ne, kuma nauyi ne, domin dattijon da ya ɗauki ɗan kwikwiyo yana da shekara saba'in da biyar wajibi ne ya tambayi kansa wa zai riƙe shi idan ƙarfinsa ya ƙare, saurayin da ke gidan haya kuma ya tuna cewa masu gidaje da yawa ba sa son mai kare. Ga kuɗin abinci, da rigakafi, da maganin ƙuma da tsutsar ciki, da inshora wadda ke hauhawa yayin da dabbar ke tsufa. Hukuma ma ba ta bar abin ga son ran mutum ba: dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 ta wajabta wa mai dabba abubuwa biyar, wato muhallin da ya dace, da abincin da ya dace, da damar yin ɗabi'arta ta asali, da la'akari da bukatarta ta zama da 'yan'uwanta ko nesa da su, da kare ta daga ciwo da wahala, tun Afrilun 2016 kuma ya zama tilas a sanya wa kowane kare wata ƙanƙanuwar na'ura a ƙarƙashin fata mai ɗauke da lambar da za a gane mai shi, wanda ya ƙi kuwa ana iya cin tararsa har fam 500. Sharaɗi na ukun nan, na yin ɗabi'a ta asali, shi ne wanda masu teriya suka fi tauyewa ba tare da sun ankara ba.

To, mene ne mutum yake samu a madadin wannan ɗawainiya? Dole a fahimci cewa a ƙasashen Turai miliyoyin tsofaffi suna zaune su kaɗai, 'ya'ya sun watse garuruwa, babu zaure, babu majalisar ƙofar gida, mutum yakan wuni bai furta kalma ga kowa ba. Ga irin wannan bawan Allah, ɗan kare mai tashinsa da asuba, mai tilasta masa sanya takalmi ya fita ko ana ruwa, mai sa baƙo ya tsaya a hanya su gaisa, ba ƙaramar ni'ima ba ce. A wani binciken da suka wallafa a 2017, masana a jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin sun bi bayanan mutane fiye da miliyan uku har tsawon shekara goma sha biyu, suka ga cewa a cikin masu zaman kaɗaici, waɗanda ke da kare haɗarin mutuwarsu a wannan tsakani ya ragu da kimanin kashi ɗaya bisa uku, kuma masu karnukan farauta, har da teriya, suna cikin waɗanda ciwon zuciya ya fi yi wa sauƙi. Irin wannan bincike yana nuna tarayyar abu biyu ne kawai, bai isa hujjar cewa ɗaya ne ya haifar da ɗaya ba, domin mai ƙoshin lafiya tun farko shi ne ya fi iya ɗaukar kare. Amma idan akwai fa'ida, ina ganin mafi yawanta daga tafiyar take fitowa, wato daga ainihin abin da malalacin mai kare yake gudu. Ashe maslahar mutumin da ta dabbar a wuri ɗaya suka haɗu.

Hanyar riƙonsa kuwa sananniya ce ga waɗanda suka daɗe da shi. Yana bukatar kimanin sa'a guda ta motsa jiki kowace rana, kuma a bar shi ya shinshina, domin aikin hanci yana gajiyar da shi fiye da gudu. Masu hikima sukan ɓoye masa abinci a ciyawa ya nemo, ko su ware masa wani lungu mai yashi inda aka yarda ya yi tono. Horo da lada yake karɓa, duka kuwa taurin kai yake ƙara masa, har ya koya masa cizo. Ƙungiyoyin kula da dabbobi suna ba da shawarar kada a bar kare shi kaɗai fiye da sa'a huɗu. Ba a barinsa da ƙaramin yaro ba babba a wurin, ba a kuma amince masa da zomo ko 'yan tsaki. Cakulan, da inabi da zabibi, da albasa, duk guba ne a gare shi, ƙanƙantar jikinsa kuma tana sa kaɗan ya isa. Wajen samo shi ma akwai tambihi, domin a lokacin annobar korona farashin 'yan kwikwiyo ya yi tashin gwauron zabo, masu tara karnuka a keji suna haihuwa ba hutu suka ci kasuwa. Doka a Ingila tun Afrilun 2020 ta hana dillali sayar da ɗan kwikwiyon da bai kai wata shida ba, sai dai a saya kai tsaye daga inda aka haife shi, a ga uwarsa, ko a karɓo daga gidajen ceto irin na Battersea, wanda Mary Tealby ta kafa a 1860. Ni na fi karkata ga karɓo babba daga gidan ceto, saboda halinsa ya riga ya bayyana, cacar gado ta ƙare.

Musulmin da ke karanta wannan, ko yana zaune a can 'ya'yansa suna roƙonsa ya sayo musu, ko yana Abuja ko Kano inda irin waɗannan karnuka suka fara shigowa gidajen masu hali, tambayarsa ta farko ita ce hukunci. Nan akwai mas'aloli biyu da mutane ke cakuɗawa, tsarki daban, ajiyewa daban. Game da tsarki, mashhurin mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce ta ƙasashenmu, shi ne kare mai rai tsarkakakke ne har da yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallagi a cikinta kuwa umarni ne na ta'abbudi; Shafi'iyya da Hanbaliyya suka tafi a kan najasarsa. Game da ajiyewa, hadisi ya inganta a Buhari da Muslim cewa wanda ya riƙi kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa ƙiraɗi ɗaya, a wata ruwaya biyu, daga ladansa kullum, haka nan ya inganta cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya kawo hanin ajiye kare a gidaje a cikin Risala, amma masu sharhinta sun ruwaito cewa shi da kansa ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron maƙiya, da aka yi masa magana ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Daga irin wannan malamai suka yi ƙiyasin gadin gida da sauran bukatu na haƙiƙa. Ibnu Abdil Barri ya fahimci ajiyewa ba bukata a matsayin karahiya, Imamu Nawawi kuwa ya ce haramun ne. A zamaninmu an ga wani masallaci a birnin Lesta na Ingila, a 2008, ya tanadi wurin da karen jagoran wani makaho zai jira a bakin ƙofa har ya idar da salla, saboda larurarsa bayyananniya ce.

Abin da ya fi jan hankalina a nan shi ne, teriya a kan aikinsa na asali, wato tsaron hatsi da kaji daga ɓarna, yana kusa ƙwarai da abin da nassi ya yi rangwame a kansa, sai da aka raba shi da aikin aka hau da shi gado sa'an nan ya faɗa inda malamai ke da magana, a daidai wurin da shi ma ya fara wahala. Ɗebe kewa tsagwaronta ba ta cikin ukun da hadisi ya ambata, kuma ko kaɗaicin wani mutum ya kai matsayin bukata, wannan fatawa ce da malami zai bayar bayan ya ji halinsa. Amma akwai abin da babu saɓani a cikinsa, shi ne haƙƙin dabbar da ta riga ta shiga hannunka. Addinin da ya ba da labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, bai bar wa kowa hujjar ɗaure ɗan kare a rana, ko jefar da shi a bola ranar da yara suka gaji da shi ba. Kuma ina ganin abin kunya ne yaranmu su taso suna jifan kare a titi suna zaton ibada suke yi.

Wanda ya yi niyyar riƙon irin wannan kare a ƙasashenmu, akwai abubuwa biyu da Bature ba ya fama da su. Na farko zafi: dabbar da aka tsara gashinta don sanyin Sikotlan tana iya halaka a zafin Afrilu, saboda kare ba ya zufa a jiki kamar mutum, da haki yake sanyaya kansa, don haka inuwa da ruwa da fita da sassafe ko bayan la'asar sun zama wajibi, ga kuma kaska da cututtukan jinin da take ɗauke da su. Na biyu, wanda ya fi girma, ciwon haukan kare, wanda Birtaniya ta rabu da shi a karnukanta amma yana nan a wurinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kaso mai yawa kuma yara ne. Allurar rigakafi tana samuwa a asibitocin dabbobi, cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke jihar Filato ma tana sarrafa ta, ana yi wa kwikwiyo yana da wata uku sa'an nan a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara, kuma ƙanƙantar kare ba ta sauke wannan nauyi daga wuyan mai shi. Idan kuwa ƙaddara ta sa kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti goma sha biyar, a kai shi asibiti a ranar ba tare da jiran a ga abin da zai biyo baya ba, domin da zarar alamun cutar sun bayyana kusan babu wanda ke tashi.